'Yan Kama-Wuri-Zauna: Sharhi a Kan Wata Fassara, Daga Darak Zuwa Gaɓar Yamma

1.0 Gabatarwa

Duk mai sauraron labaran duniya da Hausa ya saba da jumla irin wannan, wadda ni na ƙaga ta domin misali, amma kunne ba zai ce baƙuwa ce ba:

(1) Ƙasashen duniya sun yi Allah wadai da shirin Isra'ila na faɗaɗa matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a yankunan da ta mamaye, a daidai lokacin da ake shawarwarin zaman lafiya.

Ta fuskar nahawu babu abin da za a kushe wa wannan jumla, kuma daɗinta a baki ya isa. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna kalmomi uku da ke cikinta, wato 'yan kama-wuri-zauna da matsugunai da kuma Allah wadai, a ga ko sun isar wa Bahaushe da ainihin abin da ake jayayya a kansa. Ma'aunin da za a yi amfani da shi ba daga nesa aka ɗauko shi ba. A nan Jihar Borno aka taɓa yin wani al'amari mai kama da wancan, inda Nijeriya ce aka kai ƙara, Hausawa kuma suna cikin mazaunan da aka yi shari'a a kan garuruwansu.

2.0 Shari'ar Darak

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Fari na shekarun 1970 da na 1980 ya janye mafi yawan ruwan, ya bar ƙasa mai dausayi da tsibiran da mutanen tafki ke kira tumbu. Masunta da manoma daga Nijeriya, Barebari da Hausawa da Shuwa da sauransu, suka riƙa bin ruwa yana ja suna bi, har suka ƙetare wani layi da ba a ganinsa da ido, wanda Ingila da Faransa suka shata a takarda a 1919, suka kuma tabbatar da shi da musayar wasiƙu a 1931. Da garuruwa suka kafu sai hukuma ta biyo sawu. Aka naɗa bulamomi, aka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, aka kai 'yan sanda, aka riƙa karɓar haraji a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Ngala.

Abin lura shi ne, ana cikin wannan hali ne kuma ake zaman shata iyaka. Bayan arangamar da aka yi tsakanin sojojin Nijeriya da na Chadi a tafkin a 1983, Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, ta ɗauki aikin kafa duwatsun iyaka, aka kuma gudanar da shi daga 1988 zuwa 1990. Nijeriya tana cikin zaman, amma ba ta rattaba amincewarta ta ƙarshe a kan sakamakon ba. Wato dai ana magana a zaure, ana gini a fili. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg ranar 29 ga Maris, 1994 a kan Bakasi, sa'an nan ta ƙara da batun tafki ranar 6 ga Yuni na wannan shekara.

Nijeriya ta gabatar da sunayen garuruwa 33, kuma jerin nasu abin sha'awa ne ga mai nazarin sunaye. Ga kaɗan daga ciki:

(2) Ba Shakka, Garin Wanzam, Doron Liman, Doron Malam, Ramin Dorina, Sabon Tumbu, Fagge, Naira, Sokotoram

Bahaushen da ya karanta wannan jeri zai ce ai shari'a ta ƙare, domin ga lamirin mallaka na Hausa a fili, ga sunan wata unguwa ta Kano, ga sunan kuɗin Nijeriya, ga kuma Sakkwato an liƙa mata ɗafa-ƙeyar Barbarci ta -ram mai nuna wuri, wadda ita kaɗai ta isa ta ba da labarin cuɗanyar da aka yi a bakin ruwan. Kotu ba ta ga haka ba. A hukuncinta na ranar 10 ga Oktoba, 2002, da rinjayen alƙalai 14 a kan 2, ta ce inda takardar mallaka ta ci karo da zama da gudanar da mulki, takarda ce ke gaba. Ta ƙara da cewa shekaru kimanin 20 da Nijeriya ta dogara da su sun yi kaɗan ƙwarai, kuma Kamaru ba ta yi shirun da za a ce ta sallama ba, tun da ta aika da takardar ƙin amincewa a watan Afrilu 1994, da zarar Nijeriya ta fito fili ta ce Darak tata ce.

Akwai wani ɓangare na hukuncin da ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ya fi shafar wannan nazari. Abin da kotu ta umurci Nijeriya ta janye shi ne ma'aikatan mulkinta da sojojinta da 'yan sandanta. Ba ta ce masunta su tashi ba, hasali ma ta rubuta alkawarin da Kamaru ta ɗauka na kare 'yan Nijeriya mazauna wurin. A watan Disamba 2003 aka sauke tuta, a ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa da Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka amince a kafa a gaban Kofi Annan. Wasu mazaunan suka dawo gida, wasu suka zauna. Na sha tattaunawa da dillalan banda a kasuwar kifi ta hanyar Baga a nan Maiduguri, ciki har da waɗanda suka yi zaman Darak, ban taɓa jin wanda ya kira mutanen can 'yan kama-wuri-zauna ba. Abin da ake cewa shi ne mutanenmu, ko 'yan tafki. Ke nan kalmar ta wasu ce, ba a shafa wa kai.

3.0 'Yan Kama-Wuri-Zauna

Ta fuskar ƙira, kama-wuri-zauna harɗaɗɗen suna ne da aka gina da aikatau biyu masu sigar umurni da karɓau a tsakaninsu, irin ginin da Mustapha Ahmad (1994) da McIntyre (2006) suka yi wa nazari mai zurfi. 'Yan'uwansa su ne irin su faɗi-tashi da shafa-labari-shuni da dafa-duka. Sau da yawa irin wannan gini yakan ɗauki zambo ko raha, shi ya sa yake kama kunne. Akwai kuma takwararsa da wasu kafofin ke amfani da ita, wato share-wuri-zauna, wadda ta fi ta cizo, domin tana nuna wanda ya zo da niyyar ba zai tashi ba.

Sai dai a tambayi kalmar: wane ne aikau? Wanda ya kama wurin shi ne wanda ya zauna. Hoton da ke zuwa zuciya shi ne na mutumin da ya iso kasuwa ko tasha, ya ga fili babu kowa, ya shimfiɗa buhunsa. Babu hukuma a cikin hoton, babu soja, babu baitulmali. To amma abin da duniya ke adawa da shi a Gaɓar Yamma da gabashin Birnin Ƙudus aikin hukuma ne. Sakin layi na 6 na Sashe na 49 na Yarjejeniyar Janeba ta Huɗu, ta 1949, da gwamnatin mamaya yake magana, ita ya hana ta kwashi wani ɓangare na fararen hularta ta kai ƙasar da ta mamaye. Gwamnati ce ke ayyana fili a matsayin na hukuma, ita ke amincewa da taswira, ita ke shimfiɗa hanya da ruwa da lantarki, ita ke ba da rangwamen kuɗin gida, ita kuma ke girke sojan da zai yi gadi.

A nan ne fassarar ta yi wa kanta illa. Ɗaya daga cikin hujjojin da Isra'ila ta daɗe tana kafawa ita ce, wancan sashe da kwasar mutane ta tilas yake magana, su kuwa mazaunan da ƙafarsu suka je. Kotun Duniya ta yi watsi da wannan hujja a fatawarta ta ranar 9 ga Yuli, 2004, inda ta ce hanin ya haɗa da duk wani mataki na shirya ƙaurar ko ƙarfafa mata gwiwa. Ke nan mai fassaran da ya ce 'yan kama-wuri-zauna yana jin ya yi zagi, alhali ya sallama wa wanda yake zagin hujjarsa, tun da ya ce su suka kama da kansu. Idan akwai waɗanda ma'anar kalmar ta zahiri ta dace da su, to masuntan Darak ne, waɗanda babu gwamnatin da ta ɗauke su ta kai, kifi suka bi. Bambancin nan kuwa shi ne ya raba hukunce-hukuncen biyu. A Darak an ce hukuma ta fita mutane su zauna. A fatawar ranar 19 ga Yuli, 2024 kotun ta ce wajibi ne Isra'ila ta daina sabon gini, ta kuma kwashe mazaunan baki ɗaya. Kalmar da ta rufe waɗannan biyu da bargo ɗaya ba ta yi wa mai sauraro adalci ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa da gida. Kalmar Ingilishi da ake fassarawa, wato settler, ita ce dai ake jifar Hausawan Zangon Kataf da ita a rikicin 1992, da na Jos a 1994 da 2001, mutanen da kakanninsu suka zo fatauci ko haƙar kuza. Duk lokacin da aka mayar da ita Hausa da kama-wuri-zauna a labarin cikin gida, an ɗauko nauyin mamayar soja ke nan an ɗora wa ɗan ƙasa a cikin ƙasarsa. Ni kaina da aiki ya kawo ni Borno, 'ya'yana kuma suka tashi da gaisuwar Barbarci a bakinsu, ba na jin wannan kalma ba tare da na ɗan gyara zama ba.

3.1 Matsugunai

Matsuguni sunan wuri ne daga aikatau tsuguna, da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, kamar mazauni da masauki. Tsuguno kuwa zama ne na wanda bai sami wurin zama ba, ko wanda ke shirin miƙewa. Shi ya sa kalmar ta dace da 'yan gudun hijira, waɗanda Maiduguri ta san su fiye da kowane birni a Nijeriya, a ce an sama musu matsuguni. Tana ɗauke da tausayi da ƙanƙanta da rashin dawwama. Amma Modi'in Illit birni ne mai mutane fiye da 80,000, Ariel tana da jami'a, Ma'ale Adumim kuma tana da yankin masana'antu. Lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar Oslo ranar 13 ga Satumba, 1993, mazaunan Gaɓar Yamma, ban da gabashin Ƙudus, kimanin 110,000 ne. Bayan shekara 30, idan aka haɗa da na gabashin Ƙudus, adadin ya kai wajen 700,000. Wannan ba tsuguno ba ne. Sa'an nan idan aka haɗa kalmomin biyu aka ce matsugunan 'yan kama-wuri-zauna, an sa mutum ɗaya ya tsuguna ya kuma zauna a numfashi guda.

Masu rikicin su kansu ba su yi sakaci da suna ba. A Ibrananci akwai kalmar da ta fito daga tushen zama, wadda ake faɗa wa kowane gari, akwai kuma hitnahalut, daga tushen gado, wadda ta keɓanta ga na yankunan 1967. Larabawa na cewa mustauɗana, daga waɗan, wato wurin da aka mayar gida, wasu kuma sukan ce mugtasaba, wato ƙwatacciya. Kowace kalma da da'awarta a cikinta.

Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Tana da tunga ta manomi ko masunci, da ruga ta makiyayi, da zango na fatake wanda ya zama unguwa a Kumasi da Ankara, da sansani na mayaƙa, da sabon gari, da ribaɗi irin Wurno ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma gari ne da hukuma ta kafa a bakin daga, ko da yake darajarsa a addini ta hana a ara shi a nan. Tana kuma da bariki. Unguwar da nake zaune, wato G.R.A., asalinta ke nan: wurin da hukumar da ta ci ƙasa da yaƙi ta keɓe wa mutanenta, bayan Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, bisa tsarin da ya tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa. Kakanninmu ba su kira irin wannan wuri tunga ko matsuguni ba. Sun ga soja a bayansa, suka ba shi sunan da ke nuna haka. A wannan fanni sun fi mu lura.

4.0 Allah Wadai da Hauzi

Allah wadai addu'a ce ta la'ana, kuma a al'ada makamin wanda ba shi da yadda zai yi ne. Saboda haka idan Bahaushe ya ji an yi shekara 50 ana Allah wadai ana kuma gini, hukuncin da zai yanke shi ne surutu ne kawai, kuma ba za a ga laifinsa ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 446 a 1979, da na 465 a 1980. A watan Maris 1997, ana tsakiyar shawarwarin Oslo, Amurka ta hau kujerar na-ƙi har sau biyu a kan ginin Jabal Abu Gunaim. Tattaunawar da aka buɗe a watan Satumba 2010 ta watse cikin 'yan makonni, da ƙarewar dakatar da gini na wata 10 da gwamnatin Netanyahu ta yi. A ranar 18 ga Fabrairu, 2011 ƙasashe 14, har da Nijeriya, suka goyi bayan wani daftari, Amurka ta sake hawa kujerar. Sai ranar 23 ga Disamba, 2016 ƙuduri na 2334 ya wuce da ƙuri'a 14, Amurka ta ƙaurace. Duk wannan bai tsayar da bulo ɗaya ba.

To amma me ya sa ake ci gaba da yi? Amsar tana cikin kotunanmu na Musulunci, kuma duk wanda ya taɓa bin shari'ar gona ya san ta. A mazhabar Malikiyya akwai hukuncin hauzi, wanda Risala da Tuhfa suka yi bayaninsa: wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana gini yana rushewa, mai da'awa kuwa yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba za a saurari ƙararsa ba bayan haka. Sharaɗin shi ne shiru. Wanda ya riƙa ɗaga murya a gaban shaidu, ko da bai iya fitar da mai riƙo ba, ya hana hauzi nuna. Haka nan idan an san asalin shigar aro ne ko jingina ko ƙwace, tsawon zama ba ya mayar da shi mallaka.

Idan aka duba da kyau, abin da lauyoyin Nijeriya suka kai Heg hauzi ne aka sa masa rigar Turawa: mun daɗe, mun gina, mai wurin bai ce komai ba. Abin da ya kayar da su kuwa shi ne takarda tana nan, kuma mai wurin ya yi magana. Wannan shi ne aikin da ƙudurorin da aka jera a sama suke yi. Ba su tayar da gini, amma suna hana a wayi gari a ce duniya ta gani ta yi shiru. Shi ya sa ƙuduri na 2334 ya nanata cewa ba za a amince da wani sauyi ga layin 4 ga Yuni, 1967 ba, sai wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Shi ya sa kuma batun ya fi zafi a lokacin shawarwari. Yarjejeniyar Oslo ta biyu, ta 1995, ta hana kowane ɓangare ɗaukar matakin da zai sauya matsayin yankunan kafin a kammala magana, kamar dai yadda alƙali kan dakatar da gini a filin da ake shari'a a kansa, don kada ranar hukunci ta zo a tarar babu sauran abin rabawa.

Ingilishin diflomasiyya yana da matakala a nan, daga nuna damuwa, zuwa takaici, zuwa la'anta, zuwa ayyana abu a matsayin marar inganci a doka, kuma akan kwana ana ja-in-ja a kan wace za a taka. Fassararmu takan tattara su duka ta zuba a Allah wadai ko tir. Asarar da aka yi ita ce ta matakin ƙarshe, wanda shi ne mai nauyi, kuma Hausar kotu tana da kalmarsa a shirye: ɓatacce ne, bai inganta ba, ba ya tabbatar da mallaka.

5.0 Shawara

Ba na tsammanin za a iya tumɓuke 'yan kama-wuri-zauna daga bakin jama'a, kuma mai fassara a ɗakin labarai yana da daƙiƙoƙi ne kawai, ba kamar malamin jami'a ba. Aikin ƙirƙirar kalmomi da aka yi a baya, irin na Hausa Metalanguage (1990), ya fi karkata ga harshe da adabi, bai kai ga dokar ƙasa da ƙasa ba. Amma akwai aikatau ɗaya da na ga ya cancanci a gwada, shi ne dasa. Dashe yana bukatar mai dasawa, yana nuna an ciro abu daga wani wuri an kafa shi a wani da niyyar ya yi saiwa, kamar yadda manoman firgi na Dikwa da Ngala ke yi da masakwa bayan ruwa ya janye. Da shi za a iya sake jumla ta (1) kamar haka:

(3) Ƙasashen duniya sun ƙi amincewa da garuruwan da Isra'ila ke dasawa a ƙasar da ta mamaye, sun ce ginin ɓatacce ne a doka, ba zai zama hujjar mallaka ba, ko da an daɗe.

Za a iya cewa garuruwan dashe, mazaunansu kuma 'yan dashe. Rauninsa a fili yake: dashe abu ne mai kyau a idon manomi, ba shi da cizon da mai sauraro ya saba ji, kuma likitoci sun riga sun are shi a dashen ƙoda. Na gwada jumla ta (3) a kan ɗalibaina na ajin fassara, aka rabu biyu. Waɗanda suka ƙi ta sun ce ta yi sanyi, kamar ba a ɗauki ɓangare ba. Wata ɗaliba 'yar Gamboru, wadda ta ce danginta sun yi zaman Darak, ita ce ta tambaya ko su ma 'yan dashe ne. Ajin ya yi ta muhawara har lokaci ya ƙare, aka tsaya a kan cewa waɗanda suka bi ruwa ba 'yan dashe ba ne, amma ofishin 'yan sandan da aka kai musu dasa shi aka yi.